Ƙarancin Likitoci a Kaduna, Arewa da Kogi, da Abin da Ya Ke Jawo wa Masu Ciwo

Kalmar nan likita ba ta daɗe a bakin Hausawa ba. Baƙuwa ce, ta shigo tare da Turawa, harshe ya sarrafa ta har ta zauna daram kamar 'yar gida, ta sami jam'i, likitoci, ta kuma haifi likitanci. Kafin zuwanta muna da boka, da wanzami, da maɗori, da ungozoma, kowa da inda aikinsa ya tsaya. Amma wanda duk ya kasa kunne a asibitocin Kaduna yau zai ji kalmar ta yi faɗi ƙwarai. Mai yin allura likita ne, mai ɗibar jini likita ne, malamin asibiti likita ne, har mai kemis na bakin layi, in dai ya rataya farar riga, ba a hana shi sunan. Girmamawa ce, ba ƙarya ba. Sai dai tana rufe wani abu, gama mutum ya kan je asibiti ya komo gida yana cewa ya ga likita, alhali kuwa ran nan likita bai ko taka wurin ba. Saboda haka a cikin wannan takarda, in mun ce likita, muna nufin wanda ya gama karatun likitanci a jami'a, Majalisar Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963, ta rubuta sunansa ta ba shi izinin aiki.

Wajen da mu ke magana a kansa shi ne ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi. Kada mai karatu ya rikita shi da ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 350,000. Ɓangaren ya fi ta girma nesa. Ya haɗa Kawo da Unguwar Dosa da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi da Unguwar Shanu da Doka, sa'an nan Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badikko, waɗanda a takarda na Kaduna ta Kudu ne ko da ya ke ba su ƙetare ruwa ba, kana ga Rigasa da Rigachikun na ƙasar Igabi. Tun rigingimun 2000 da 2002 jama'a da yawa suka sake mazauni, kogin ya zama iyaka a zukatan mutane, har ya kasance mai ciwo ya kan fara neman asibiti a hayin da ya ke kafin ya yi tunanin hawa gada.

Baƙo in ya zaga wannan ɓangare zai ce ai mutanensa sun ji daɗi. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari, ga na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ga babban asibitin Kawo, ga na Rigasa, ga asibitin soja na 44, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa wajen Mando, ga Cibiyar Kunne ta Ƙasa, ban da asibitocin kuɗi da ba su ƙidayuwa. Garuruwa kaɗan ne a Arewa su ke da rabin wannan. To, ina ƙarancin ya ke?

Sai mun koma baya kaɗan. Turawa suka mai da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917, suka gina wurin jinya don kansu da manyan ma'aikatansu, shi ne ya zama Barau Dikko na yau. Wanda aka sa wa asibitin sunansa, Dokta Barau Dikko, an haife shi a Wusasa a 1912, ya yi karatu a King's College ta Ikko, watau Legas, da Jami'ar Birmingham a Ingila, ya shiga aikin gwamnati a 1940. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. A lura da shekarar. Sa'ad da Arewa ta sami ɗanta na fari a wannan sana'a, Kudu ta daɗe da samun nata, an kuma buɗe makarantar likitoci a Yaba tun 1930. An gwada wata makarantar a Kano a 1955, ba ta yi tsawon rai ba. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci, asibitinta ya zama yana da rassa a Zariya da Kaduna da Malumfashi. Shekaru kusan 40 reshen Kaduna shi ne madogarar garin wajen ƙwararru. A 2005 aka tattara rassan aka koma mazaunin dindindin a Shika, bayan Zariya, tafiyar fiye da kilomita 80. Ba wanda zai ce hikimar haɗa asibitin koyarwa wuri guda ba ta da tushe, amma Kaduna ta wayi gari manyan likitocinta da ɗalibansu sun yi ƙaura a lokaci ɗaya. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ita ta gāji wannan gurbi, aka ɗaukaka Barau Dikko ya zama asibitin koyarwarta, kuma ginin irin wannan gida ba aikin shekara biyar ba ne.

Game da lissafi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a jaridu, wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lalle a sami likita 1 ga kowane mutum 600. An maimaita ta har ta zama kamar karatun allo. Ma'aunin da Hukumar ta fito da shi a rahotonta na 2006 ya haɗa likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi ne a jimla ɗaya, ta ce kada su kasa 2.3 ga mutum 1,000, daga baya a 2016 ta ɗaga shi zuwa 4.45. Ba don a rage wa matsalar nauyi na faɗi wannan ba, gama ko da wane mudu aka auna, Nijeriya ba ta cika shi ba. A watan Maris na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar wajen 55,000 ne, kuma tsakanin 15,000 da 16,000 sun fita waje cikin shekara 5. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne rabon waɗanda suka rage. Ya ce wajen 7,600 suna Legas, wajen 4,700 suna Abuja. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na likitocin ƙasa suna garuruwa biyu, sauran jihohi 35 su raba abin da ya saura, jihohin Arewa kuwa su ne a ƙarshen layi.

Yanzu amsar tambayarmu ta fara fitowa. Cibiyar Ido da ta Kunne na ƙasa duka ne, mutanensu daga jihohi masu nisa su ke zuwa, kuma ƙwararren ido ba ya karɓar haihuwa. Asibitin soja yana karɓar farar hula, amma ba don su aka gina shi ba. Asibitin kuɗi sai mai kuɗi. Nauyin talaka duka ya faɗa kan asibitocin jiha, su kuwa ba mutanen gari kaɗai su ke ɗauka ba. Daga Birnin Gwari da ƙauyukan Igabi da Giwa ake kawo waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin asibitin karkara, ga kuma dubban da 'yan bindiga suka kora daga gonakinsu suka tare a gefen gari. Ran da bala'i ya auku, kamar daren 3 ga Disamba 2023 da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom kan masu Mauludi a Tudun Biri, Barau Dikko aka kwaso waɗanda suka yi rauni, likitocin da ke bakin aiki su ne dai suka tare su, ba a ƙaro ko ɗaya daga sama ba. Ashe birni ya kan ci bashin ƙarancin ƙauye.

Me ke korar likita? Na fari kuɗi. Tafiyar hawa-hawa ce, kamar tsani. Likitan jiha yana duban na tarayya, gama tsarin albashin likitoci da gwamnatin tarayya ta kafa a 2009 ba tilas ba ne a kan jihohi, kowace tana biyan abin da ta ga za ta iya. Na tarayya yana duban Abuja da Legas, na Abuja yana duban Ingila da Saudiyya da Kanada. Tun 2022 likitocin da suka yi karatu a Nijeriya suka haura 10,000 a rajistar Ingila. A watan Agusta na 2021 masu ɗaukar ma'aikata don Saudiyya suka zo wani otal a Abuja, likitoci suka yi dafifi, har da masu furfura. Ga ɗan Arewa kuwa Saudiyya tana da wani maganaɗisu wanda ba sai an bayyana ba. Sa'an nan darajar naira ta faɗi, dala da ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce 1,500 a 2024, sai albashin wata guda a can ya zama ya fi na watanni a nan. Kuɗin haɗarin aiki ma ya daɗe yana naira 5,000 a wata, sai a ƙarshen 2021 aka taɓa shi.

Na biyu tsoro. A ƙarshen Disamba 2023 ɓarayin mutane suka shiga gidajen ma'aikata na Cibiyar Ido, suka ɗauke wata likita da mijinta da wani yaro ɗan'uwansu. Ta yi wata 10 a hannunsu, sai ƙarshen Oktoba 2024 ta kuɓuta, bayan da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta yi yajin aikin kwana 7 a ƙasa duka saboda ita. Wannan a cikin birni ke nan, a harabar asibitin tarayya. Wa zai ga laifin yaron da aka tura Birnin Gwari ya ƙi zuwa?

Na uku jinkirin shuka. Karatun likita shekara 6 ne in ba a yi yajin aiki ba, da shekara 1 ta koyon aiki, da 1 ta hidimar ƙasa, in kuma zai ƙware ya ƙara 5 ko 6. Watau wanda ya shiga jami'a bana, sai ɗan da aka haifa bana ya kusa balaga kafin ya zama ƙwararre. Tashinsa kuwa takardar wata guda ce. Kuma ƙwararre ɗaya in ya tafi ba kansa kaɗai ya ɗauka ba, domin ba a yarda wa asibiti ya horar da masu neman ƙwarewa sai yana da isassun malamai, in suka kasa yaran su ma su nemi wani wuri. Yarbawa suna kiran wannan gudu japa, kalmar ta bazu ƙasa duka. Na ji waɗansu suna fassara ta da ci-rani, ni kuwa ban yarda ba. Ɗan ci-rani da hadari ya taso ya kan ɗaure kayansa ya komo gona.

To, bari mu zo ga mai ciwo, gama shi ne abin zance. Abu na fari da ya ke biya shi ne lokaci. Ya kan yi asubanci ya yanki kati, ya zauna a benci har azahar, wata rana a ce an cika adadin yau. Ɗan kasuwa ya rasa cinikin yini, mai Keke Napep ya rasa abin da zai kai wa mai keke, ga mai jinya da ya rako shi shi ma ya bar nasa aikin. In kuwa wajen ƙwararre aka tura shi, ranar da za a ba shi ta kan kai makonni, ciwo kuma ba ya jiran rana.

Amma hasarar da ta fi girma a cikin ɗakin likita ta ke aukuwa. Mu yi misali. Likita ya zauna awa 6, mutum 80 suna jiransa, kowa ya sami minti 4 da rabi, a ciki za a yi gaisuwa, a yi tambaya, a duba jiki, a yi rubutu. Wani bincike da aka buga a 2017 kan ƙasashe 67 ya nuna a Suwidin ganin likita ya kan kai minti 22, a Bangaladash bai cika minti ɗaya ba, kuma wajen rabin mutanen duniya minti 5 ko ƙasa da haka su ke samu. A ƙasar Hausa minti 5 ya fi ƙanƙanta bisa ga yadda ya ke a wani wuri, dalili kuwa na harshe ne. Sunayen cututtukanmu ba su yi daidai da na littafin likita ɗaya bayan ɗaya ba. Mai cewa yana da shawara, ko idonsa ne ya yi rawaya, ko zazzaɓi ne ya daɗe, ko jariri ne ke fama da haƙori. Basir ya tashi daga tsiron dubura ya haɗiye kumburin ciki da ciwon baya da raunin mazakuta. Ciwon zuciya ya kan zama zafi ne a bakin ciki, ko ɓacin rai, ko kuwa zuciyar ce da gaske. Daji ya kan zama kumburi mai jin magani cikin mako, ya kan zama sankara. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce kawai, sai an bi ta da tambaya biyar ko goma kafin a isa ɗaki.

Na ga wannan da idona. Na taɓa raka wata goggona wani asibiti a wannan ɓangare, muka shiga wajen likita bayan la'asar. Yaro ne, idanunsa sun yi ja, daga baya na ji tun jiya da safe bai je gida ba. Ya ce, "Sannu Mama, me ke damunki?" Ta dubi ƙasa ta ce, "Sanyi ne, ɗan nan." Ya tambaye ta ko gaɓoɓi ne, ta ce har da su. Ya rubuta maganin ciwon jiki, muka fito. A hanya na ce, "Goggo, kin gaya masa duka kuwa?" Ta ce, "Kai, yaya zan faɗa wa sa'an ɗana, kai kuma kana tsaye?" Sanyin da ta ke nufi na mata ne, da jini a ciki, sai bayan wata biyu wata ma'aikaciyar jinya ta gane. Ban ga laifinsa ba. Da yana da minti goma da ya fitar da ni waje, ya kira mace ta tsaya, ya sake tambaya. Kunya ba ta buɗe baki da gaggawa. Ga shi kuwa likitoci mata sun fi ƙaranci, kuma da yawa daga masu hidimar ƙasa da ake cike gurbi da su Hausar kasuwa kaɗai gare su, wadda ba ta kai ga sunan abin da ke ƙarƙashin zane.

Dare ya fi rana tsanani, haihuwa kuma ta fi kome. Yawancin haihuwa ungozoma mai horo ta isa, ba a bukatar likita. Amma in naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mace, sai an sami mai yin fiɗa, da mai sa barci, da jini, duka a sa'a guda. In likita ɗaya ne a bakin aiki, yana ɗakin fiɗa da wata, ta biyun sai ta jira ko a ce a kai ta gaba, kuma a kan hanyar nan ta gaba mata da yawa su ke cikawa, waɗansu su tsira da yoyon fitsari. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya sami mata 512 suna mutuwa a kowace haihuwa 100,000. Ya kuma nuna yaran da ke mutuwa kafin shekara 5 sun kai 187 cikin 1,000 a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya ce na ƙasa duka ya sauko daga 132 zuwa 110. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan rashin likita, akwai talauci da yunwa da rashin rigakafi da haihuwa a gida. Sai dai mace da ta je asibiti sau ɗaya aka juya ta, da wuya a shawo kanta ta koma, ta kuwa gaya wa maƙwabta.

Daga nan ne kemis ke samun kasuwa. Yana kusa, ba layi, yana ba da bashi, yana jin Hausa. Doka ta ba shi izinin sayar da ƙananan magunguna ne kaɗai, amma bukata ta mai da shi mai allura da ƙarin ruwa. Kowane zazzaɓi ya zama maleriya da taifot, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta rabi a bari, hawan jini da ciwon sukari su yi ta cin mutum a ɓoye har ƙoda ta tsaya. Sa'an nan a kwashe shi a kai wa likitan nan guda, a ce asibiti ba ta iya kome ba. Yajin aiki kuma ya kan ƙara tura mutane can. A watan Mayu na 2020, ana tsakiyar annobar korona, ma'aikatan lafiya na jihar suka yi yajin gargaɗi na kwana 7 bayan an yanke kashi 25 cikin 100 na albashin manyan ma'aikata. Ko wa ke da gaskiya a irin wannan jayayya, na kan benci ba a tambaye shi ba.

An yi ta neman magani. Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗauki gyaran ƙananan asibitoci 255, ɗaya a kowace mazaɓa, aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha a 2018, kuma a 2025 aka buɗe asibiti mai gado 300 a Millennium City, hayin kogi. Gini abin so ne, amma shi ne mafi sauƙin aikin, ana kuma ganinsa daga titi. Sabon asibiti in ba a haifo masa sababbin likitoci ba, daga tsofaffin asibitoci zai kwasa. A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara 5, likitoci suka yi masa ca. A ganina da ya zama doka da ya tsare ƙanana ne kaɗai, ƙwararrun da rashinsu ya fi ciwo ba abin da zai taɓa su. Gwamnatin tarayya ta fito da manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agusta na 2024, ta kuma faɗaɗa gurbin ɗalibai a makarantun lafiya, amma mun riga mun ga shekarun da shukar ke ɗauka.

Akwai wata hanya da waɗansu ƙasashen Afirka suka bi. Mozambik tun 1984 ta fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi fiɗar gaggawa, Malawi ma haka, kuma su ne ke yin yawancin fiɗar haihuwa a asibitocin karkararsu. Nijeriya ta amince da manufar sauke waɗansu ayyukan likita a kan ma'aikatan jinya da ungozomomi da malaman asibiti a 2014, ko da ya ke ba ta kai ga fiɗa ba. Wannan ba sabon abu ba ne gare mu, gama malaman disfensare na En'e su ne suka riƙe lafiyar Arewa shekaru da yawa kafin a sami likitoci. Sharaɗinsa dai shi ne ma'aikacin ya san iyakarsa, ya kuma kasance akwai likita a bayansa wanda zai amsa waya da tsakar dare. Ma'aikatan jinyar su ma Ingila tana ɗibarsu kamar yadda ta ke ɗibar likitoci, ko da ya ke Nijeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 ta ce kada a je neman ma'aikatan lafiya a cikinsu. Jerin ya hana kamfani ya zo farauta ne, bai hana yarinyar da ta gama makarantar jinya ta cika takardar neman aiki daga wayarta ba.